Mai Gyaran Ganuwar Gal'a

Idan ka bar Tashar Jiragen Ruwa ta Jidda ka miƙe kudu, ka wuce rumbunan ajiye kaya da filayen da ake jibge kwantena, za ka hango wani tudu yana kallon teku. Ba shi da wani tsawo, amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin wannan ko tarin yashi daga nesa ake ganin sa. A ƙolinsa akwai guntuwar hasumiya ta farin dutsen teku, ta rushe, abin da ya rage bai fi tsayin mutum ba. Larabawa suna ce wa wurin Gal'a, wato sansanin tsaro. Wasu sun ce don hangen jiragen Turawan Fotigal aka gina shi, wasu sun ce aikin Turkawa ne, wasu kuma sun ce ya girmi duka biyun. Babu wanda ya tabbatar, kuma Abdulghani ɗan Muntaka bai taɓa damuwa da tabbatarwa ba. Shi tun yana yaro ganuwar ce a ransa.

Ta gabas, ɓangaren da ke fuskantar duwatsu, mutanen da suka yi sansanin sun tara ƙasa sun zagaye gindin tudun da ita kamar rabin faifai, suka haƙa rami mai faɗi a bayanta. Don abokan gaba suka yi. To a Jidda ruwa ma abokin gaba ne. Shekara takan wuce ba a ga ɗigo ba, sai rana ɗaya cikin hunturu sama ta tsage, ruwa ya gangaro daga duwatsu ja wur, ɗauke da itace da gawar awaki. Sel ake ce masa. In ya iso Gal'a sai ya faɗa ramin, ya bi bayan ganuwar, ya zagaya ya zube a teku. Tsakanin ganuwar da gindin tudun akwai fili da ruwa ba ya taɓawa. A nan kakan Abdulghani, Othman, ya kafa bukka bayan ya sauke farali, shi da wasu Takari 'yan uwansa da suka zo a ƙafa ta Sudan. Sun fito daga ƙasar da duk gari mai suna yake da ganuwa, don haka suna ganin ta suka gane ta, suka kuma san abin da ake yi mata. Gyara ta ake yi duk shekara.

Ranar Kwando suke kiran ranar gyaran. Da zarar zafi ya karye, kafin hadarin farko, sai a sa wata Juma'a. Bayan sallar asuba maza su shiga ramin da fartanya da shebur, su yashe abin da ruwan bara ya tara, su cika kwanduna, a miƙa hannu da hannu har kan ganuwa. Kowane gida da kwandonsa, gidan da ba namiji ya kawo abinci. Mata su yayyafa ruwa, su bi da madaɓi suna daɓe kamar yadda ake daɓe tsakar ɗaki, suna waƙa suna yi wa mazan da suka fi son inuwa habaici. Kafin kiran sallar Juma'a an gama. Rami ya ƙara zurfi, ganuwa ta ƙara tsayi, kowa ya tafi wanka. Othman ya jagoranci aikin har ya tsufa, ɗansa Muntaka ya karɓa. Ranar da aka binne Muntaka ba wanda ya tambayi wa zai gaje shi. An riga an san wanda ya fi kowa masifa a kan ganuwar.

Abdulghani direban tifa ne. A kan sitiyari ya yi ƙuruciya ya yi furfura, yana kwaso wa 'yan kwangilar faɗaɗa tasha yashi da tsakuwa. Dogo ne, mai ɗan gemu, mai murya kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. A wurin aiki ba a san shi da hayaniya ba. A unguwa kuwa ya yi faɗa da mai tankar ruwa da ya so a fasa ganuwar a yi masa hanya. Ya yi faɗa da matar da ta kafa turken akuya a jikinta. Ya taɓa daina gaisawa da limamin unguwa har azumi biyu, saboda liman ya sa an ɗebi ƙasa daga gindinta an cike harabar masallaci. Yana bin sa salla, amma ana sallamewa yake ɗaukar takalmansa.

Matarsa Mastura 'yar Ammariyya ce, cikin gari aka haife ta kusa da kasuwa, kuma ba ta taɓa yafe masa kawo ta bayan gari ba.

"Ya Abu Hind," takan ce masa, da sunan 'yarsu, "rufin kicin yana yoyo tun bara, ba ka gani ba. Ɓera ya yi rami a ganuwa jiya, yau ka sani."

"Rufin kicin in ya zube, tukunya za a rasa."

"To yau ka ci ganuwa da rana."

Shekaru suka ja, unguwa ta sake mutane. Jikokin Takarin farko suka yi karatu, suka samu aiki, suka koma gidajen bene a unguwar Safa da makamantanta. Hind, 'yar Abdulghani tilo, ita ma can ta tare da mijinta Mohannad. Ɗakunan da suka bari baƙi suka kama haya, mutanen da suka zo Umara suka maƙale, ba iƙama, wato takardar izinin zama, kullum ido a kan hanya. Mai neman abin da zai aika gida ba ya ba da safiyar Juma'arsa ga kwando. Ranar Kwando ta koma ta 'yan tsofaffi, madaɓai suka tsattsage a bayan ɗakuna.

Cikin baƙin nan akwai Zaharadden, maƙwabcinsa katanga ɗaya, mai gasa tsire a bakin titi, tsiren da mutanen Jidda ke kira sire. Shi kaɗai ne ba ya tsoron tsohon, wanda kowa ke kira Ammi, wato baffa.

"Ammi, ka huta mana. Mu da muka fito daga inda ganuwa take ta gaske mun bar ta tana zubewa, kai kana nan kana kashe kanka a kan 'yar kunyar rogo."

"Shi ya sa kuka baro garinku kuka zo kuna ƙona nama a namu."

"Ai ka ci jiya, har ka ce a ƙara yaji."

"Halas. Gobe da asuba ka fito da shebur."

Kuma yakan fito, yana mita.

Da hannu ya yi ƙaranci, Abdulghani ya juya ga abin da yake da shi, wato tifa. Jidda gari ne da kullum ana rushe wani abu a gina wani, kuma ɓaraguzai neman mai kwashewa ake yi. In ya tashi aiki sai ya biya ya cika mota da fasasshen bulo da guntayen tayil da tsofaffin tayoyi, ya zo ya juye inda ganuwa ta yi rauni, ya rufe da ƙasa, ya hau da mota ya danne. A shekarar babbar ambaliya, Larabar nan ta jajibirin Arfa da ruwa ya ci unguwanni a gabashin gari, sel ya zaftare rabin kaurin ganuwar a tsakiya, ya tsaya a nan. Ko tabarma ba ta jiƙe a unguwar ba. Ya daɗe yana cike wannan gurbi, shi kaɗai da tifarsa, har wurin ya fi ko'ina tsayi da kauri. Da shi yake alfahari. In ya yi baƙo, nan yake kai shi ya tsaya.

Bayan ya ajiye tuƙi da 'yan shekaru, wani kamfanin ajiye kwantena ya samu filin da ke gabas da unguwar, har da tudun da ganuwar. Gidajen ba sa ciki. Aka zo aka kakkafa turaku masu jan ƙyalle, wasu a kan ganuwar kanta. Abdulghani ya tuge su, aka sake kafawa, ya sake tugewa. Hind ce ta zo ta zaunar da shi. Ita Hausarta ta ji ce fiye da ta faɗa, rabi da rabi take haɗawa da Larabci.

"Abuya, ka bar cire itacen nan, wallahi za su kira maka shurɗa, 'yan sanda. Mohannad ya tambaya. Ba za su taɓa wurin ba sai masu binciken kayan tarihi sun duba. In sun ce tsoho ne, halas, waya za a zagaye shi da ita, ba mai sa masa katafila."

"In sun ce tsoho ne? Kakana da furfurarta ya tarar da ita."

"To. Su gani da idonsu."

Abin da Abdulghani ya ji a maganar nan shi ne baƙi za su zo ganin ganuwa. A gidan da ya tashi kuwa, in za a yi baƙi shara ake yi. Ya bi gida gida. Abin da ya gagara shekara da shekaru ya yiwu cikin mako guda, saboda kowa ya ji tsoron ruwa a ɗakinsa. Unguwa ta fito. Aka cire ciyayi da ƙaya, aka tsince leda, aka yashe ramin har sai da shebur ya yi ƙara a kan dutse. Aka lulluɓe ganuwar da sabuwar ƙasa daga wannan kai zuwa wancan. Mastura da kanta ta nemo madaɓin surukarta, ta koya wa matan haya daɓe, tana yi tana faɗa. Zaharadden ya kawo shawarar a jera duwatsu a shafa musu farar ƙasa, aka jera. Ranar da aka gama, ganuwa ta fito sumul kamar jiya aka yi ta. Ranar nan Abdulghani bai yi wa kowa tsawa ba.

Wadda aka aiko mace ce mai suna Duktora Bayan, matashiya, da hular rana a kan mayafi da takalma irin na masu aikin gini. Ta zo da leburori biyu da igiya da ƙananan cokulan magina. Ta fito daga mota, ta dubi ganuwar da fararen duwatsunta.

"Ya Ammi," ta ce da Larabci, "wa ya yi wannan?"

"Mu ne. Don zuwanku."

"Har ramin?"

"Har ƙasa. Ko tsinke ba za ki samu ba."

"Abin da ke cikin ramin fa, ina kuka kai?"

"Ga shi nan a kan ganuwa. Nan yake zuwa tun zamanin kakana."

Ta cire hular ta mayar. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne ke tafe, ya sa aka kawo gahawa da dabino. Ta ce tana so ta fara daga ƙarshen arewa, inda ganuwar ta yi ƙasa. Ya ce sam, wurin nan abin kunya ne, ba a tarbar baƙo ta bayan gida. Ya ja ta zuwa tsakiya, inda ya fi tsayi. Ta bi shi don girmansa.

Leburori suka ja igiya, suka fara yanka ganuwar daga sama. Unguwa ta taru tana kallo. Ƙarƙashin sabuwar ƙasa aka fara cin karo da tayil shuɗi, irin na banɗaki. Sai bulo. Sai tayar tifa, da ƙyar mutum biyu suka ciro ta. Sai gwangwanin lemo, sai silifas ƙafa ɗaya. Ana fito da su ana jerawa a kan leda, Duktora tana ɗaukar hoto.

Zaharadden ya leƙa ramin ya ce, "Ammi, ashe Turawan Fotigal ma da silifas suka zo."

Wasu suka yi dariya. Abdulghani ya juyo ya dube shi, dariyar ta mutu.

Adalci ne a faɗa cewa ba ta tsaya nan ba. Ta yi kwanaki tana yankawa, kudu da arewa, har inda ya hana ta da farko. A wasu wuraren ba taya ba bulo, ƙasa ce zalla, amma ƙasar da aka juya aka sake juyawa, ta gindin rami ta hau sama, ta bara ta shige ƙarƙashin ta zamanin da. Ta samu 'yan guntayen kasko da ta ce tsofaffi ne, sai dai ɗaya kusa da murfin kwalba yake kwance, ɗaya kuma cikin ƙasar makon jiya. A can ƙolin tudu kuwa, inda ba mai hawa sai awaki, ta tarar da komai a inda masu shi suka bar shi: tokar murhu, fasasshen tulu, da dunƙulen dutse irin wanda ake ɗura wa igwa.

Ranar da ta gama ba ta aiko kowa ba, da kanta ta zo ƙofar gidansa.

"Ya Ammi, hasumiyar za a kiyaye ta. Za a zagaye ta da waya."

"Ganuwar fa?"

"Na yarda an yi tsohuwar ganuwa a nan, siffarta ta nuna. Amma abin da ke tsaye yau ba zan iya cewa ita ce ba. Duk inda na sa hannu, aikinku nake tararwa."

"To aikin wa kike so ki tarar? Na aljanu?"

"Da an bar ta yadda take..."

"Da an bar ta yadda take, da tana cikin teku tun kafin a haifi ubanki!" Ya miƙe tsaye, muryarsa ta fito da maƙwabta ƙofar ɗakunansu. "Waccan ta sama, wa ta taɓa tsarewa? Ko kaza ba ta fakewa a cikinta. An yar da ita, ba wanda ya taɓa kai mata kwando ɗaya, ita ce mai daraja. Wannan da muka ci wuya a kanta, kaka da uba da ɗa, ita ce shara. Wato laifinmu shi ne ba mu bar ta ta mutu ba."

"Ban ce shara ba."

"Me kika ce?"

Ta ce, "Cikon zamani."

"Maimaita."

Ba ta maimaita ba. Ta ce ta roƙi kamfanin ya yi wa unguwar magudanar ruwa ta siminti, sun kuma amsa. Ta yi sallama. Mastura ta fito da shayi, ta tarar baƙuwa ta kai mota.

"Ka zagi 'yar mutane a ƙofar gidanka."

"Ban zage ta ba."

"Ka ambaci ubanta, ina ji. Kuma kai ka ja ta ka kai ta kan tayarka. Ta ce arewa, ka ce tsakiya."

"Ke kika yi daɓen."

"Kai ka ce a yi!"

Suka ɗauki kwanaki ba sa magana sai ta bakin Zaharadden, wanda ya ce da ya san aikin manzo zai samu a Jidda da bai sayi gawayi ba.

Bayan ƙaramar salla katafila ta iso. Abin da aka tara tun ba a san ranar farawa ba, kafin mako ya zagayo an kwashe shi. Abdulghani yana tsaye cikin rana yana kallo, hannu a baya. Direbobin tifar da ke kwasar ƙasar ya san wasunsu, sun yi aiki tare a tasha, ya kuma san juji yana da nisa. Ya tare su ɗaya bayan ɗaya ya ce su juye a bayan gidaje, tsakanin sabuwar magudanar da katangun unguwa. Ba direban da ke ƙin gajeriyar hanya. Kafin wani ya lura, ƙasar ganuwa ta yi dogon tari a sabon wuri.

Sai dai tari daban, ganuwa daban, kuma shi ma ya sani. Sai an shimfiɗa kaɗan kaɗan, a jiƙa, a daɓe, a ƙara. Ya sake bin gida gida. Wannan karon ƙofofi ba su buɗe ba.

"Ammi, mun yi maka sau ɗaya, ka ga abin da ya jawo," in ji wani.

"Kamfani ya yi mana magudana, me kuma za mu yi da ƙasa?" in ji wani.

Tifa ba ta hannunsa, bayansa kuma ba na da ba ne. Zaharadden ya taya shi safiya biyu, a ta uku ya soke shebur ya tsaya yana kallon tarin.

"Ammi, wannan garin tuwo ne. Ruwa kawai yake jira."

"In ba ka iya aiki ba, ka iya shiru."

Ruwan ya zo da hantsi, wata Alhamis cikin hunturu. Sel ya sauko, ya bi shimfiɗaɗɗen filin kwantena ba abin da ya tare shi, ya faɗa magudanar siminti. Magudanar ta ɗauka har ta cika ta fara tumbatsa. Abin da ya tumbatsa ya samu tarin Abdulghani ya jiƙa shi, tari ya narke. Rabi ya zame cikin magudanar ya toshe ta, rabi ya nufi unguwa. Ba wanda ya mutu. Amma abin da ya shiga ɗakuna taɓo ne, ja, mai nauyi, har gwiwa, da guntayen tayil a ciki. Ruwa in ya janye shanya yake bar maka. Taɓo kuwa sai shebur.

Har yau ba a daidaita kan laifin wa ba ne. Kamfani ya ce magudanarsa ta isa, ƙasar da aka jibge ba izini ce ta toshe ta. Abdulghani ya ce ta riga ta tumbatsa kafin ƙasarsa ta motsa, kuma da ganuwa tana nan da ba a yi wannan zance ba. Ba wanda ya tsaya aunawa a lokacin, kowa yana ta kansa. Mutanen unguwa dai ba su iya kama kamfani, yawancinsu ko ƙofar ofis ba sa iya dosa saboda rashin takardu. Tsohon kuwa ga shi nan a tsakaninsu.

Sajida, wadda ke sayar wa alhazai turare da atamfa, kayanta duka a ƙarƙashin gado suke. Washegari ta zo ƙofar gidansa da baho cike da taɓo a ka, ta sauke ta kifar a gabansa.

"Ga ganuwarka, Ammi. Na kawo maka kwandon gidanmu."

Mutanen da suka san shi shekara da shekaru suka ja da baya suna jiran tsawa. Shi kuwa sai ya ɗauki shebur ya bi ɗakunan mutane yana kwashe taɓo. Wasu suka bar shi ya shiga, wasu suka rufe ƙofa. A gida na nawa ne oho, bayansa ya riƙe, aka ɗauko shi a kan tabarma. Mastura ba ta shawarce shi ba, ta kira Hind ta ce su zo da mota.

Yanzu a Safa yake, hawa na uku, ɗakin da tagarsa ke kallon wurin ajiye motocin babban kanti. Ba ya shiga lif, da ƙafa yake hawa yana hutawa a kowane bene. Ya riga ya ɓata da mai gadin gidan a kan bututun ruwan rufi. Jikokinsa, Yazan da Layan, in ya yi musu Hausa da Larabci suke amsawa. Zaharadden yakan zo jefi jefi in hanya ta yi sauƙi, da tsire a ƙunshe, ya kawo labarin wanda ya tashi daga unguwa da wanda ya saura. Ba ya ƙara yi masa ba'ar ƙasa.

Kwanakin baya Duktora Bayan ta nemo gidan ta hannun Mohannad. Ta zauna a falo, Hind ta kawo shayi. Ta ce ana gina ɗan ɗaki kusa da wayar hasumiya don masu ziyara. Ta ce ta ba abokan aikinta labarin Ranar Kwando, sun ce abu ne da ba kasafai ake samu ba, a ce mutane sun riƙe tsohuwar ganuwa da hannunsu kaka da kakanni. Suna so a ɗauki hotonsa yana bayani, a kuma nuna yadda ake aikin, kafin waɗanda suka sani su ƙare.

"Yanzu da babu ita," in ji Abdulghani, "yanzu na zama kayan tarihi."

"Ba haka nake nufi ba, ya Ammi."

"A ina za a nuna aikin? A kan kwantena?"

"Za a kawo ƙasa mota guda a zuba kusa da wayar."

"Mota guda. Bayan hoton fa?"

Ta dubi kofin shayinta. "Za a kwashe. Wurin ba na zuba ƙasa ba ne."

Ya yi dariya, irin wadda ta sa Layan ta tashi ta bar falon.

"Ya Hind, baƙuwarki ta sha shayi?"

"Ta sha, Abuya."

"To ki raka ta."

Duktora ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "In ba ka faɗa ba, ba wanda zai san an yi."

"Sai kada a sani."

"Ni zan je."

Mastura ce, daga ƙofar kicin, da ludayi a hannu.

"Ummu Hind, ba da ke ake ba," in ji Abdulghani.

"Da wa ake? Tun ina amarya nake daɓe tarin ƙasar nan. Tafin hannuna ya yi kanta, bayana ya lanƙwashe, waƙoƙin da uwarka ta koya mini ni kaɗai na rage da su. Ba wanda ya taɓa tambaya ta, har kai. Yau an zo an tambaya, ka ce a raka baƙuwa. Kakanka ya tarar, ubanka ya gyara, kai ka cika da taya. Mu matan fa, kallo muka zo yi?"

"Wasa za su sa ki yi a kan ƙasar aro."

"Na ji. Zan yi."

Juma'ar da aka sa, Mohannad ya kawo mota ƙofar gida da safe. Hind ta leƙa ɗakin uban sau ɗaya.

"Abuya, yalla. Ko a mota ka zauna."

"Ku gaida wayar."

Suka tafi da yaran. Bayan la'asar suka dawo, gefen abayar Mastura ya yi ja da ƙura, muryarta ta dishe. Yana zaune inda suka bar shi. Bai tambayi wa ya zo ba, bai tambayi me ta faɗa ba.

"Sun kwashe ƙasar?" in ji shi.

"Kafin mu shiga mota."

"Ina suka kai?"

"Ban tambaya ba."

"Ba ki tambaya ba."

Ya dafa kujera ya miƙe, ya shiga ɗaki, ya buga ƙofa da ƙarfin da ya sa mutanen hawa na biyu suka kira Hind a waya suna tambayar ko lafiya.